Garambawul ɗin da ya kori Kofur

Malama, ki taimake ni, hannuna na dama ya jawo mini abin da bakina ya kasa gyarawa.

Ni bakanike ne. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, shi ma sau biyu na yi shi, saboda malamai ba sa son rabuwa da ni. Ina da 'ya a sakandaren 'yan mata da ke bakin babban titi. Shekara uku akwai wani kofur a ƙofar, shi ke tsayar da motoci yara su tsallaka, shi ke korar samarin da ke jingine da babura suna fito. Mu iyaye ke biyan alawus ɗinsa daga kuɗin tsaro.

A taron iyaye da ya wuce, shugabar makaranta ta ce a yi wa kuɗin tsaro garambawul. Malama, shekara ashirin ina garambawul. A wurinmu ka sauke inji, ka wanke, ka sa sabon ringi, ya tashi ya fi da ƙarfi. Na miƙe na yi jawabi har da bugun ƙirji, na ce wannan fannina ne, kowa ya ɗaga hannu. Suka ɗaga. Ashe garambawul ɗin 'yan boko shi ne a cire inji a bar mota a kan dutse. An sallami Kofur, an sayo kyamara. Tana gani, ban musa ba. Ranar da mai babur ya ture wata 'yar aji ɗaya, ta ɗauki hoton tsaf. Hannu ne dai ba ta da shi.

Tun ranar nake rufe gareji da safe da lokacin tashi daga makaranta, in tsaya a ƙofar da usur da rigata mai baƙin mai. Direbobi na tsayawa, rabinsu don na san sirrin birkinsu. Shugaba ta aiko takarda wai ba ni da hurumi. Na sa aka karanta mini, na goge hannu da ita. Maiɗakina ta ce na zama abin nuni, na ce da ma can ba don kyau ta aure ni ba.

Duk wannan da sauƙi. 'Yata ce damuwar. Ƙawayenta na kiranta 'yar Kofur Garambawul, suna sara mata. Yau kwana biyar ta ƙi zuwa makaranta, wai sai na bar ƙofar, ga jarrabawa saura sati uku. Ni kuwa ba inda za ni sai an dawo da mai kaki. Ni na ɓata, ni zan gyara. Ki faɗa mini yadda zan shawo kanta, amma kada ki ce in ajiye usur.

Kofur Garambawul

AMSA

Baban yarinya, ka sa ni dariya, amma ba zan yi maka wasa ba.

Gaskiyarka, kyamara ba ta tsallakar da yaro titi. Ita ma shugaba tana da tata gaskiyar: in ka busa usur yarinya ta taho, mota ta ƙi tsayawa, wa zai amsa? Kuma da ma tsaron makaranta bai kamata ya rataya a aljihun iyaye kaɗai ba.

Riƙe usur ɗinka, amma ka daina riƙe shi kai kaɗai. Ka je wurin shugaba da bakin lalama, ku tsara iyaye masu karɓa-karɓa da izinin makaranta. Ka tara sa hannun iyaye a kira taron gaggawa. Ka miƙe a inda ka yi wancan jawabi, ka ce ka yi kuskure, a sake ƙuri'a. Ku kuma rubuta wa hukumar ilimi da ofishin 'yan sanda mafi kusa, ku haɗa da hoton da kyamarar ta ɗauka. Ka ga ta yi rana.

Amma kafin komai, ka zauna da 'yarka, ban da barkwanci. Ka gaya mata tsoro ne ya kai ka ƙofar, ka ba ta haƙuri, ka koma da usur ɗinka can mahaɗar titi, nesa da ƙofar, har ta gama jarrabawa. A yanzu ƙofar da 'yarka ba ta shiga kake gadi.

Allah ya ba ta sa'a, ya tsare mana yaran duka. A taro na gaba kuma, kafin ka ɗaga hannu, ka ce a buɗe maka bonet tukuna.