Dutsen da Ka Aiko Mini daga Ramin Zinariya

Ya Zailani, sanyin idona, inuwar darbejiyata a tsakar ranar birnin Umdurman, ruwan randata bayan doguwar tafiya! Gaisuwa mai yawa daga wadda wata goma sha huɗu ke nan kunnenta na bakin ƙofa.

Saƙonka ya iso. Dogo direba ya damƙa mini shi a kasuwar Suk al-Arabi, ƙulle cikin hankicinka, ya ce zinariyar farko ce da ka haƙo a hamadar arewa. Wayyo, ya habibi! Da na kwance, wata walƙiya ta daki idona. Sai na juya shi, na ga kusurwoyinsa huɗu-huɗu kamar ƙwayar sukari, gabana ya faɗi.

Ka manta ne? Wane ne ya zaunar da ni a shagon ƙira na Baba, lokacin kana aiki a hannunsa, ya nuna mini yadda zinariya ke baje wa guduma, shi kuwa dutsen nan mai kama da ita ya ruguje? Ba kai ba ne, kana dariya, gemunka duk toka? Na ɓalli gefen dutsen da ka aiko na buga da taɓarya, Zailani. Ya zama gari, yana warin ashana.

To me kake nufi da ni? Idon da Baba ya horar shekara biyar ba ya ruɗuwa, kada ma ka fara ce mini an cuce ka. Gwada ni kake, ka ga ko kwaɗayi ya kawo ni? Ko ramin ne ya hana ka, kunya ta hana ka faɗa? Ko kuwa ta gasken tana wuyan wata a garin Atbara, ni aka bar wa ƙyalƙyali? Wallahi wannan ta ƙarshe ce ke cin raina, har shayi ya daina mini daɗi.

Ka rubuto da hannunka, ko da kalma uku ce. Idan babu ne, ka ce babu, ka dawo; zoben ƙarfe ma zan sa.

Dogo ya riga ya baza labari a kasuwa. Jiya Baba ya miƙo hannu ya ce in kawo ya gwada. Na dubi idonsa na ce ya suɓuce mini a kan gada, ya faɗa kogi. Ban taɓa yi wa ubana ƙarya ba sai jiya.

Taka har ƙasa ta rufe idona, wadda ta rufa maka asiri tun ba ta san ko ka cancanta ba,

Awadiyya