A Kwance Shi Ya Yi Alwala

Tudun Wada, Zariya
9 ga Sha'aban, 1357

Zuwa ga yayana Salmanu, a Kumasi.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya kai da iyalinka. Allah ya sa albarka a fataucin goro, ya tsare ka daga zazzaɓin kurmi. Mu nan da sauƙi. Idon Inna ya washe, sai dai har yanzu ni ke zura mata zare a allura. Ƙanwarmu Atika ta yaye ɗiyarta, an kai ta Gyallesu wajen kakarta. Ɗinki kuwa ana taɓawa.

Takardarka ta iso, na karanta wa Baba a zaure kamar yadda aka saba. Ka ce ka kalli wani tsohon majigi na ɓarawo da 'yan sanda, ka yi dariya har cikinka ya ƙulle, in ya zo Zariya lallai mu kai Baba, sannan in rubuto maka yadda na gan shi. To, ya zo, mun kuwa je. Amma kafin nan dole in fara da abin da muka ɓoye maka, ka yafe mana.

Ba ciwon gwiwa ne ya raba Baba da aikin ɗan doka ba. Da damina aka ba shi wani ɓarawon jaki ya kai gidan yari. Suna hanya la'asar ta yi, mutumin ya roƙe shi don girman Allah ya kwance masa hannu ya yi alwala. Ka san halin Baba. Ya kwance shi, ya miƙa masa butarsa, ya ta da salla yana zaton zai bi shi. Ko da ya sallame, babu ɓarawo babu buta. Bayan kwana uku aka karɓe rigarsa, aikin da ya fara tun yana dogari, shekara ashirin da biyu. Shi ya hana a gaya maka.

Ni na matsa masa mu je majigin, ganin wata huɗu ban ga haƙorinsa ba. Da aka idar da magariba aka kafa farin ƙyalle a fili. Sai da aka nuna mana kashe ɓera da haƙa masai tukuna aka sa naka. Gaskiya ya tsufa, Yaya. Sau uku yana tsinkewa, mutanen ciki ba sa magana sai sauri kamar an zuba musu barkono a wando, wani mai bayani ke faɗa mana abin da ake ciki. Ba zan yi maka ƙarya ba, na yi dariya. Inda ɓarawon ya faɗa buhun gari ya fito fari fat, 'yan sanda shida suka bi shi ta tsani ɗaya ya karye da su, Baba ma na ji kafaɗarsa tana girgiza a jikin tawa. Har na fara sa maka albarka a raina.

Sai aka zo inda dattijon ɗan sandan nan mai tumbi ya cafke ɓarawon ya ɗaure. Fili ya yi tsit. Can daga baya wani ya ɗaga murya ya ce a kwance shi ya yi alwala. Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Kuma kamar an haɗa baki, dattijon ya kwance shi don ya ɗauko masa hularsa daga kan bishiya. Mutane suka bar kallon ƙyalle suka juyo suna neman Baba. Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya ratsa su ya fice. Ni kuwa kunya ta danne ni a zaune ban bi shi ba, abin nan yana cina har yau. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, Baba ruwan ya doka.

Ka tambayi yadda na gan shi. Wanda ya shirya shi gwani ne, amma bai taɓa zama ɗan wanda ake yi wa dariya ba. A cikinsa mutum zai faɗo daga bene ya tashi ya kaɗe wando, ba wanda aka karɓe wa riga, ba wanda ya koma gida ya haɗa ido da matarsa. Ɓarawo shi ne mai wayo, mai tausayi shi ne wawa. Ban son sa, kuma ba na ƙara kallon irinsa.

Yanzu maganar ta bi gari. Ko akuya aka ɗaure a Tudun Wada sai ka ji an ce a kwance ta ta yi alwala. Baba ya bar alwala a ƙofar gida, ya bar zuwa masallaci, mutumin da ladan ke tarar da shi a sahun gaba. Tuwo ma sai ya taɓa ya ture. Tsoro nake ji, Yaya, kada baƙin ciki ya kwantar mana da shi.

Shekaranjiya ya kira ni ɗaki. Ya ce tun da bai ga ƙarshen majigin ba, in gaya masa ko an kama mutumin. Kai ka sani, jirgin ƙasa ɓarawon ya haye yana ɗaga wa 'yan sanda hannu. Amma na ce an kama shi, dattijon ne ma ya kama shi da hannunsa. Ya yi hamdala ya ce a kawo masa tuwo. Ranar ya cinye tas.

Inna tana sa maka albarka. Atika da ƙanwarmu Rakiya suna gaishe ka, ka gaida Maijidda da yara da Malam Mahmudu mai masaukinka. Wannan takarda ka ƙone ta. Wadda za ka aiko kuwa a zaure za a karanta ta, Baba kuma ya san kai ka kalla har ƙarshe. Don Allah, Yaya, ka rubuta cewa an kama shi.

Ni ne ƙanenka,
Muntaka Kailani