Tururuwa a Cikin Ludayi

Zuwa ga Sahura, sanyin idona, inuwar gawona a tsakiyar rani, ruwan randata bayan doguwar tafiya, wadda muryarta ta fi mini saukar ruwan fari daɗi. Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ya kai miki har cikin ɗakin da kika ƙi fitowa ki gan ni.

Yayanki Faruku ya same ni ranar Talata a bakin lakwal, makarantar da nake koyarwa, yara suna fita, ya isar da saƙonki ko daga kan babur bai sauka ba. Wai in rubuto miki takardarki, in riƙe 'yarmu Asiya, in nemi mace mai lafiya ta raine ta. To, na ɗauko alƙalami da takarda kamar yadda kika ce, na zauna, ga abin da hannuna ya iya rubutawa. Ba ita ba ce.

Na gaji, Sahura. Wallahi na gaji. Na gaji da hanyar Dogon Dutsi zuwa garinku Ɗan Kassari, har ramukanta na haddace. Na gaji da zaman zauren gidanku, a kawo mini fura, a ce kina barci, alhali ina jin tarinki ta bayan katanga. Na gaji da 'yan'uwan Inna mahaifiyata da ke turo 'ya'yansu mata su gaishe ni da kwalliyar da ba ta gaisuwa ba. Wata tara! Wane irin horo ne wannan, hasken gidana? Ko gero wata uku yake yi a gona a yanke shi, ni kuwa an bar ni tsaye har na bushe.

Kin tuna ranar da muka fara zuwa gaida su Baba mahaifinki bayan aurenmu, babur ya nutse a rairayi, na yi ta murza shi yana kuka ba ya motsi? Kika sauko, kika ɗaure mayafi a ƙugu, kika tura ni har muka fita, kina kira na yadda yaran lakwal ke kiran malaminsu da Faransanci, kina cewa, "Mushe, kai dai alli ka iya riƙo." Kika yi dariya har kika zauna a ƙasa, ni ma na zauna, wani mai amalanken jaki ya wuce yana girgiza kai. Wannan dariyar nake nema. Na neme ta a ɗakinki, na neme ta a wayata, ban same ta ba sai ɗan guntunta a bakin Asiya.

Ban manta abin da ya faru ba, kuma ba zan yi kamar na manta ba. Kin tafi gida wankan jego lafiya lau. Bayan suna da kwana biyar barci ya ƙaurace miki. Kika wanke tufafin gidan kaf, har waɗanda aka wanke jiya, kika rabar da zannuwanki ga masu wucewa, kina magana ba numfashi. Daga nan kuma kika yi shiru, shirun da ya fi maganar ban tsoro. Baba ya kira masu ruƙiyya. Tsofaffin unguwa suka ce iska ce, amma a ɓoye suka faɗa, don kada Baba ya ji. Gwaggo Ajuma kuwa ta ɗauko ludayi, ta tatsi nononki a ciki, ta jefa tururuwa, kamar yadda ake gwada nono tun kakanni: in ta fito, nono na da kyau, in ta mutu, ya ɓaci. Har zaure ta kawo mini ludayin. Ta ce, "Ka gani da idonka, mushe. Nonon ga ya ɓaci. In ɗiyar ga ta ci gaba da shan shi, ciwon uwatta za ta sha."

Na leƙa, na ga tururuwa kwance. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane ilimin halitta a gaban allo, ni da na san tururuwa ko a ruwan sha aka jefa ta tana iya nutsewa, na buɗe baki na ce, "To, Gwaggo, ku yi abin da ya dace." Ran nan aka cire Asiya daga ƙirjinki aka kawo ta Dutsi wajen Inna, aka sa ta a nonon akuya. Daga baya aka kai ki asibitin Dosso, magani ya karɓe ki, hankalinki ya dawo daram, amma maganar ludayin ba ta fita daga zuciyarki ba. Har yau kina ganin ke guba ce ga 'yar da kika haifa.

Makon jiya na je Dosso da ordonas ɗinki, takardar da likita ta rubuta, in karɓo magani. Likitar da ke duba ki ta tsayar da ni, ta ce akwai masu bincike da suka zo daga Yamai, suna karɓar yawun marasa lafiya da na masu lafiya, suna duba ƙwayoyin halittar da ɗa ke gada daga iyayensa. Ta ce an daɗe ana wannan binciken a kan Turawa, mu ne aka bari a baya. Na yarda, na tofa yawu a 'yar kwalba, sannan na tambaye ta abin da ke ci na tun bara. Ta ce ciwonki ba a nono yake bi ba. Ta ce ba ƙwaya ɗaya ba ce ma da za a nuna a ce ga mai laifi. Ɗaruruwa ne ƙanana, warwatse a jikin mutane, kamar tsakuwa a mudun gero, kowa da 'yan nasa, sai dai na wani sun fi na wani yawa. Ko sun taru, sai wani abu ya tashe su, irin haihuwa ko rashin barci. Ta ce a cikin yara goma da uwarsu ke da irin ciwonki, wajen tara ba ya taɓa su. Ban ɓoye miki ɗayan da ya rage ba, don ita ma ba ta ɓoye mini ba. Ba ta ce tana da awon da zai faɗa mana makomar Asiya ba. Ta ce babu mai shi tukuna.

Na ji daɗi, na miƙe zan tafi, sai ta jawo takardarta ta ce saura tambaya ɗaya: ni fa, a danginmu, akwai wanda ya taɓa samun taɓin hankali?

Ya ke rabin raina, a nan ne alƙalamina yake nauyi. Lokacin da Baba ya aiko mutane binciken asalina kafin a ba ni ke, sun tambayi ina ƙanen mahaifina, Baffa Ɗanbaba. Aka ce musu ya tafi Ikko ci-rani bai dawo ba. Ni ma haka na faɗa miki, kina kallon idona. Baffa Ɗanbaba bai taɓa ganin Ikko ba. Yana ƙauyenmu Lugu, a wani ɗaki bayan rumbunan kakana, shekara goma sha huɗu ke nan, da mari a ƙafa, yana amsa muryoyin da babu mai ji sai shi. Mutanen can sun ce doguwa, aljanar gidanmu, ce ta zaɓe shi. Na faɗa wa likita, karo na farko da na faɗa wa wani baƙo. Ta ce ciwonsa da naki ba ɗaya ba ne, amma binciken ya nuna suna tarayya a yawancin ƙwayoyin nan. Ta ce in kawo shi su duba shi, kuma zan kawo shi.

Kin gane abin da nake gaya miki? In ma akwai abin da Asiya ta gada, ta hannu biyu ta karɓe shi, naki da nawa. Ranar da Gwaggo ta miƙo mini ludayi, na san da Baffa. Shi ya rufe mini baki. Na ji tsoron in na yi gardama a tono gidanmu, sai na bari aka ɗora miki kayan ke kaɗai, na tsaya ina kallo kina ɗauka wata tara, ina zuwa zaure da fuskar mijin kirki mai haƙuri. Mutane suna yaba mini! Kaico, wane haƙuri? Da wannan sirrin na fi gajiya, ba da hanyar Ɗan Kassari ba.

Ranar Lahadi zan zo. Zan zauna gaban Baba, a kira Gwaggo Ajuma da Faruku, in faɗi abin da na rubuta a nan da bakina. In kin ji kin ce har yanzu takardarki kike so saboda na yi miki ƙarya, ba ni da bakin musu, ko da zuciyata za ta tsage. Amma ba zan sake ki don kin yi rashin lafiya ba, ko duk Arewa za ta taru a kaina.

Zan zo da Asiya. Haƙoranta huɗu yanzu, tana dafa bango ta miƙe, kuma duk macen da ta shigo gidan sai ta bi ta da kallo har ta fita. In kin yafe mini, ki fito ki karɓe ta daga hannuna. In ba ki yafe ba, ki fito ki karɓe ta duk da haka, don ita ba ta yi miki ƙarya ba.

Naki ne ni, a ranakun lafiyarki da ranar da ciwon zai sake ƙwanƙwasa ƙofa, har a sa ni a ƙasa.

Mijinki,
Is'haƙa
Dogon Dutsi