Kada Ki Ƙara Ɗora Masa Allura

Chicago, Maris 1951

Zuwa ga Mama Verlie,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki, yaya mutanen coci? Ni da cikina muna nan, sai nauyi.

Mama, an yi wa Lucius aikin maƙogwaro. Ya rayu, amma likita ya ce ba zai sake magana ba, balle waƙa. Ɗan naki da ko yana cin abinci bakinsa ba ya hutawa, yanzu sai nuni da hannu.

Ga kuma wani tashin hankalin. Gobara ta cinye ɗakin ajiyar kamfanin da ya ɗauki waƙarsa, har da ainihin faifan da za a buga sauran da shi. Duk duniya muryarsa a wuri ɗaya ta rage, faifan gwajin da muka aiko miki da Kirsimeti. Mai kamfanin ya ce in bai lalace ba za a iya bugawa daga shi.

Don Allah kada ki ƙara ɗora masa allura. Ba irin na kanti ba ne, taushi gare shi, duk juyi allurar garmaho cinsa take yi. Na san halinki, kowa ya leƙo sai kin zaunar da shi ya ji, har mai kawo ƙanƙara. Ki naɗe shi a tawul ki ba Cleon mai aikin jirgin ƙasa ya kawo. Ina so abin da ke cikina ya ji muryar ubansa ko sau ɗaya ne.

Surukarki,
Odessa

Chicago, Afrilu 1951

Mama,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Faifan ya iso. Muka kai kamfani aka sa, ba abin da ke fita sai ƙara kamar ana soya kifi. Lucius ya kasa kunne har ƙarshe, leɓunansa suna motsi. Kuka na yi a gaban mutane.

Na yi fushi da ke, ba zan ɓoye ba. Sai Cleon ya gaya mini kullum da safe kike sa shi, kina wanke-wanke kina bi, ke da kika ce kiɗan shaiɗan ne.

Makaɗan Lucius sun watse, ni kuwa sau biyu kawai na ji waƙar. Kalmomin zai iya rubutawa, amma yadda yake jan su yana karya murya, ke kaɗai kika riƙe.

Haihuwa watan gobe ne. Ki zo, Mama, ina roƙonki. Kada ki ɗauko komai, ki zo da waƙar a bakinki.

Taki,
Odessa