Jan fenti a jinin Nana

Baban Nana,

Ina yi maka sallama irin wadda na saba yi in ka dawo daga kasuwa. Na san babu mai kai maka wannan takarda. Ko direbobin Dutsin-Ma da ba su ƙin kaya ba su san hanyar inda kake ba. Amma bakina ya cika, kuma kai ka saba mini da surutu.

Mutanen Wurma suna lafiya. Tunkiyarka mai baƙin kunne ta haifi tagwaye. Ƙaninka Sale ya gaji gwangwanin fentinka a kara, kasuwar dabbobi, shi ke shafa wa ragunan da aka saya jan alama kafin a loda su a motar kudu. Sai dai hannunsa da nauyi, yana yi wa rago alama kamar mai yaɓen ɗaki. Da ka gani da ka ƙwace.

Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Bayan girbi Nana ta yi ciwon maƙogwaro, ya warke, muka manta. Wata safiya ta tashi fuska a kumbure, idanu sun shige, fitsarinta kamar ruwan shayi. Ka tuna? Haka naka ya fara, har ya kai mu ga wankin ƙoda, har ya raba mu. Inna ce, mahaifiyarka, ta yafa mini mayafi ta tura mu asibiti Katsina.

Likitar mace ce mai haƙuri. Ta ɗebi jinin Nana, ta ce wani sinadari da suke kira C3 ya yi ƙasa ƙwarai. Na ce ta yi mini da Hausa, ni karatuna bai yi nisa ba. Ta ce hanta ce ke yin sa, yana yawo a jinin kowa, ba ya hutawa. Kullum kaɗan daga cikinsa na tsagewa biyu. Babban ɓangaren ya manne a jikin duk abin da ya tarar kusa, ƙaramin ya tafi kiran fararen ƙwayoyin jini. Su kuwa duk abin da suka gani da wannan alama, cinye shi suke yi. Kuma alama ɗaya tana jawo wata, kafin ka ce me ƙwayar cuta ta rufe ruf.

Wallahi tana magana ina ganin hannunka, da jan nan da ba ya fita daga ƙarƙashin farcenka ko da sallah. Ashe kowa yana da mai fenti a cikin jikinsa.

Na tambaye ta, to in yana shafa wa duk abin da ya tarar, me ya hana a cinye mu? Ta ce akwai wani mai binsa a baya, mai gadi, wanda ya san na gida. In alama ta faɗa a kan naman jikin mutum, sai ya goge ta tun ba ta yaɗu ba. Ƙwayar cuta ba ta da mai goge mata. Amma a wasu dangi mai gadin yana da rauni, sai alamar ta yi ta taruwa a 'yar rariyar da ke cikin ƙoda, jiki ya riƙa yaƙar kayansa, sinadarin ya yi ta ƙarewa a jini. Ta ce ba za ta rantse ba, amma mai yiwuwa abin da ya same ka ke nan.

Sai ta gaya mini abin da ya hana ni sukuni. Yara da yawa sukan yi haka bayan ciwon maƙogwaro, sinadarin ya faɗi, sannan ya dawo da kansa cikin kamar wata biyu. In na Nana ya dawo, shi ke nan. In bai dawo ba, za su fara tunanin ciwonka ta gada.

Baban Nana, ka san yadda nake alfahari da kamar da take yi da kai. Wushiryarka, tafiyarka ta mai jan ƙafa, har yadda take karkatar da kai in za ta yi ƙarya. Tun da ka tafi, a fuskarta nake gaishe ka. Amma a watannin nan, a kowace sujada, roƙona ɗaya ne, Allah ya sa kada ta yi kama da kai. Ban taɓa zaton bakina zai iya faɗin haka ba. Ka ji haushi?

Wata rana bayan azahar barci ya ɗauke ni a gindin dalbejiya. Na ga raguna farare suna tafiya a kan ruwan dam ɗin Zobe, ba su nutsewa, kowanne da ja a gadon baya. Nana na cikinsu da kayan makarantarta, da ja a goshi. Kai kuma kana binsu a baya, ba gwangwani a hannunka, sai jiƙaƙƙen tsumma. Ba ka yi sauri ba, kai da sauri dama ba ku taɓa shiri ba. Na yi ta kiranka ka hanzarta, murya ta ƙi fita. Na farka ban ga ko ka cim mata ba.

Jiya muka koma. Kumburin ya sace tuni, an hana ta gishiri har ta yi fushi da kowa. Likitar ta duba sakamakon, ta ɗago tana murmushi, ta ce ya dawo daidai. Za mu riƙa zuwa ana dubawa, amma ta ce in kwantar da hankalina.

A hanyar gida na yi kuka a motar Kurfi har wata tsohuwa ta ba ni goro. Nana kuwa ta karkatar da kai ta ce ita ba ta ji tsoron allura ba ko kaɗan. Na kalle ta, na ga duk kai ne, ban da abu ɗaya.

Ashe ka cim mata.

Allah ya kai haske kabarinka, ya sa ka huta. Sale ya ce in bar masa tsumman da kake goge hannu da shi, na hana.

Taka har kullum,
Maman Nana