Ni Ce Bakin Eike

Litinin, 6 ga Maris

Kotun iyali ta naɗa ni lauyar wata yarinya, Eike Tjaden, 'yar shekara biyu. Mata-maza aka haife ta. Iyayenta suna neman izinin kotu a yi mata aikin tiyata a gabanta don ta yi kama da sauran 'yan mata. Na karanta bayanin likitoci. Lafiyarta ƙalau, fitsari ba matsala, ba inda ke mata ciwo. Gyaran kamanni ne kawai. Na san irin waɗannan iyayen. Kunya ce ke cinsu, sai su kira ta ƙauna.

Alhamis, 9 ga Maris

Na je ƙauyensu, can bayan ganuwar da ke tare ruwan teku. Ruwa tun safe. Uwar, Gesa, ta zuba min shayi amma ita ba ta zauna ba. Uban, Onno, a jirgin fito yake aiki. Mutum ne ƙato, maganarsa ba ta wuce "haka ne".

Eike ta ɗauko takalmin roba ƙafa ɗaya ta ɗora min a cinya, ta tsaya tana jiran ta ga abin da zan yi. Na kifa shi a kai. Dariya har da faɗuwa.

Na yi musu bayani: abin da aka yanke ba ya dawowa, jikin na Eike ne, idan ta yi hankali ita za ta faɗi abin da take so. Gesa ta bari na gama tsaf.

"Malama Ubben, kina da 'ya'ya?"

Na ce ba ni da su.

"To."

Shi ke nan abin da ta ce. Wannan "to" ɗin ya biyo ni har gida.

Talata, 14 ga Maris

Abincin rana da Jorin, abokin aikina a ƙungiyar kare haƙƙin irin waɗannan yara. Shi an yi masa aikin yana jariri, aka rene shi a matsayin mace, bai san komai ba sai da ya girma. Har yau yana fama da tabon. Na ba shi labarin Gesa da zafina, ina jiran ya taya ni.

Ya ci gaba da cin kifinsa. Ya ce mahaifiyarsa ma ba muguwa ba ce, ba ta dai samu wanda zai zauna da ita ba sai likitoci masu farar riga. Ya ƙara da cewa, "Ke Frauke, kin iya gaskiya, amma kamar guduma kike riƙe ta."

Ban ji daɗi ba.

Asabar, 18 ga Maris

Na tambayi Gesa ko za ta ga Jorin. Ta kashe waya.

Juma'a, 24 ga Maris

Onno ya kira, daga cikin jirgi, ina jin ƙarar inji. Yana son ganin "mutumin nan", wato Jorin, amma kada matarsa ta ji tukuna. Na haɗa su a wani shagon shayi kusa da tasha, na koma gefe. Sun daɗe. Abu ɗaya na tsinta. Onno ya tambaya me Jorin zai so a ce iyayensa sun yi masa. Jorin ya ce, "Su jira in iya magana."

Da za mu rabu, Onno ya riƙe hannun Jorin bai saki da wuri ba.

Talata, 4 ga Afrilu

Zaman kotu. Likitan da zai yi aikin ya yi maganarsa a natse, ya ce yaro ya fi saurin warkewa, kuma ba zai tuna ba. Na tambaye shi ko akwai cutar da za ta sami Eike idan aka jira. Ya ce ta jiki babu. Na tambaya ko zai iya rantsuwa cewa Eike za ta tashi tana jin kanta mace. Ya ce ba mai iya wannan.

Gesa ta tashi. Ba ta yi maganar kunya ba ko kaɗan. Ta yi maganar gidan renon yara da masu canza wa yara ƙunzugu, da wurin iyo, da ƙauyen da kowa ya san abin da ke tukunyar kowa. Ta ce ita ba ta son 'yarta ta zama darasi ga mutane, so take ta zama yarinya kawai.

Alƙaliya ta juya ga Onno. Kansa a ƙasa ya ce shi yanzu ya fi son a jira. Kallon da Gesa ta yi masa, ba na son in sake ganin irinsa.

Laraba, 19 ga Afrilu

Hukunci ya fito. Ba a ba da izini ba. Mun yi nasara. A ofis an kawo kek, na ci kaɗan.

Alhamis, 20 ga Afrilu

Aikina a kan wannan shari'a ya ƙare. Ba sauran abin da ya haɗa ni da su.

Talata, 2 ga Mayu

Gesa ta kira. Ban gane muryar ba da farko. Gidan renon da suka yi wa Eike alkawarin gurbi yanzu sun ce wai ya cika. Kwana kaɗan ke nan da ta faɗa wa shugabar gidan gaskiya game da Eike, don kada masu reno su firgita.

"Kin ce a jira, an jira," in ji ta. "To ga abin da na faɗa miki. Yanzu kina ina?"

Na ce ga ni nan zuwa.

Juma'a, 5 ga Mayu

Mun je tare. Na shirya dokar hana wariya a bakina, amma na bar Gesa ta fara. Gara da na yi hakan. Shugabar ta yi ta kame-kame, wai ma'aikatanta ba su saba ba, wai sauran iyaye. Gesa ta ce, "Ƙunzugu ne fa. Ki cire mai datti, ki sa mai tsabta. Ko in zo in koya musu?"

Ni nawa kaɗan ne. Na ajiye katina na lauya a kan tebur, na ce ina fata ba sai mun haɗu a wani wurin ba. Gurbi ya samu. Eike za ta fara ran Litinin.

A mota Gesa ta yi kuka sosai. Ta ce har yanzu ba ta yafe min ba, kuma ba ta san ko hukuncin daidai ne ba. Na buɗe baki zan kawo hujja, sai na rufe. Na miƙa mata hankici.

Lahadi, 14 ga Mayu

Onno yana aiki, Gesa tana son zuwa taron iyaye da Jorin ke shiryawa a birni, ba mai riƙe Eike. Na ce dama ina son shan iskar teku. Mun ga tumaki a kan ganuwa, ta kira kowannensu kare. Ni kuma wai Gwaggo Fauke. Ban san wa ya koya mata ba.

Kujerar da ake ɗaure yara a mota tana nan har yanzu cikin motata. Ta maƙwabciyata ce, aro na yi. Ta tambaya yaushe zan mayar, na ce zan duba.