Na Sa wa Jirgin Sitaci

Laraba, bayan sallar Isha, unguwar Mairi.

Yau na ɗaura ƙyallayen kama iska na ƙaramin jirgin ruwan katako da 'yata Falmata ta aiko min daga Legas. Wai in riƙa haɗawa, in rage zaman shiru tun rasuwar mahaifiyarta. Ni da ko teku ban taɓa gani ba!

Ƙyallayen sun fito daga kwali duk a yamutse, abin ya dame ni. Sai na jiƙa su da sitaci, na goge su da dutsen guga, yadda marigayiya take yi wa kaftanina na Juma'a. Suka miƙe ƙyam. Har na ji daɗi.

Da yamma na kira Falmata ta bidiyo na nuna mata. Ta yi dariya har da hawaye.

"Baba, ai kumbura ake so su yi, kamar iska na tura su. Wannan jirgin naka masallaci za shi?"

Ni ma na yi dariya. Ina shirin ba ta labarin yadda gam ya manne min yatsu, ta ce motarsu ta iso, za ta kira gobe.

Na ajiye jirgin gaban fanka, ko motsi ƙyallayen ba su yi ba. Na kwance su, na wanke, na shanya a tsakar gida. Igiyar shanyar nan, a da ba ta isar mu. Yanzu ƙyalle huɗu ne a kanta, sai kaftanina guda.